Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Manyan Shafukan Hausa A Intanet: Ku Daina Bari Ana Dariya A Kan Gawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwana masu riƙe da manyan shafuka a Facebook da TikTok da X da Instagram, da ku shugabannin zaurukan WhatsApp, ina gaishe ku, ina yi muku sannu da ƙoƙari. Da ku nake son yin magana, domin a yau in wani abu ya faru a Gusau ko Mokwa ko Maraɗi, a hannunku jama'a ke fara jin labari, tun kafin gidan rediyo ya kai ga karanta shi. A cikinku akwai wanda masu bibiyarsa sun fi mutanen wata ƙaramar hukumar yawa. Duk wanda Allah ya tara wa jama'a haka, ya ɗora masa nauyi, ko ya nema ko bai nema ba.

Abin da ya dame ni shi ne irin maganganun da ake rubutawa a ƙarƙashin labarin mutuwa, da kuma hannun da kuke da shi a ciki.

Na san da yawanku ba ku manta da daren Litinin 28 ga Maris 2022 ba, lokacin da 'yan bindiga suka tayar da bam a layin dogo, suka tare jirgin ƙasan da ya taso daga Abuja zai tafi Kaduna. Cikin fasinjojin akwai wata matashiyar likita. Harsashi ya same ta, ta lallaɓa ta ɗauki wayarta ta rubuta a Twitter, wato X a yanzu, cewa tana cikin jirgin, an harbe ta, a yi mata addu'a. Iyakar abin da ta roƙa ke nan. Wasu sun yi mata addu'ar, Allah ya saka musu da alheri. Wasu kuwa suka ce ƙarya take yi, suna take nema, ko so take ta shafa wa gwamnati kashin kaji. Har aka sami wanda ya tambaye ta ko ta mutu tukuna. Da gari ya waye, sunanta na cikin waɗanda suka rasu. Masu ba'a suka shiga goge abin da suka rubuta, amma aikin gama ya gama: 'yar mutane tana gargara ta nemi addu'a a wurinmu, aka amsa mata da izgili.

Da zukata na ɗaukar darasi da wuri, da wannan kaɗai ya ishe mu. Sai ga Majiya.

Daren Talata 15 ga Oktoba 2024, wata tankar fetur da ta taso daga Kano ta faɗi a garin Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa. Mai ya malala a lambatu, mutane suka fito da jarkoki da bokitai, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya, aka rufe da yawansu a kabari ɗaya, wasu kuma suka yi ta cikawa daga baya a gadon asibiti. Ba a gama haƙa ramin ba aka fara yanke musu hukunci a waya. Ɓarayi ne. Kwaɗayi ne ya kai su. Wa ya aike su? Maganinsu ke nan. Wasu ko rubutu ba su yi ba, sai suka danna alamar nan ta dariya suka wuce. Wasu daga kudu suka ce ai jahilcin Arewa ne, 'yan Arewa masu ɗan abin hannu suka taya su.

Ɗibar mai daga tankar da ta faɗi ganganci ne, kuma dukiyar wani ce. Ban musa ba. Malamai da sarakuna da jami'an kiyaye haɗurra su yi ta faɗa har kowa ya ji. Amma mai cewa maganinsu ke nan, ya tsaya ya tambayi kansa nawa ake sayar da lita a wancan makon? Ta haura naira 1,000 a wurare da dama, alhali kafin a cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 farashin gwamnati bai kai naira 200 ba. Jarka ɗaya mai cin lita 25 kuɗinta ya zarce kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi, wato naira 70,000, wanda mutumin karkara ko shi ba ya gani a wata. Sa'annan wuta ba ta tantance mai jarka da mai kallo, ba ta ware wanda ya fito ya kora ƙaninsa gida, ko wanda ya ruga ya janyo maƙwabcinsa. Kuma wannan ba halin wata ƙabila ba ne. A 1998 a Jesse ta jihar Delta, gobarar bututun mai ta ci sama da mutum 1,000 da suka taru a wurin da mai ke kwarara. A Mayun 2019 irin haka ta faru kusa da filin jirgin saman Yamai, aka rasa sama da mutum 50. Wata uku bayan Majiya, a Janairun 2025, ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, sama da mutum 80 suka tafi. Duk inda fetur ya zube a gaban mai yunwa, abin da ke faruwa ke nan. Wanda ya zauna a ɗaki mai fanka, cikinsa a ƙoshe, yana kiran gawar yaro ɗan shekara sha biyar ɓarawo, bai faɗi wata hikima ba. Rashin tausayinsa kawai ya tallata.

Akwai wanda ya fi wannan muni, shi ne yadda muka raba mamata gida biyu, namu da nasu. A ƙarshen Maris 2025, ana gab da Ƙaramar Sallah, aka tare mafarauta 'yan jihar Kano a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyarsu ta komawa gida daga Fatakwal, aka kashe 16 aka ƙone su. Kun ga abin da wasu suka riƙa rubutawa a lokacin, cewa ai masu garkuwa da mutane ne, gara da aka yi. Ranmu ya ɓaci, kuma ya kamata ya ɓaci. Haka a watan Yuni na shekarar, da aka tare 'yan ɗaurin aure daga Zariya a ƙaramar hukumar Mangu ta jihar Filato aka kashe wasunsu. To amma a cikin wannan watan na Yuni aka kashe sama da mutum 100 a Yelwata ta jihar Binuwai, da yawansu 'yan gudun hijira ne da ke kwana a rumfunan kasuwa. Ku koma ku duba abin da wasu daga cikin namu suka rubuta da Hausa a shafukanku. Su ma su ɗanɗana. Yanzu suka san da zafi. Irin haka aka gani a Yunin 2022 da aka buɗe wa masu ibada wuta a cocin Katolika a Owo. Kalmomin da suka ƙona mana rai ranar Uromi, su muka ɗauka muka jefi wasu da su. Uwar da aka kashe wa ɗa a Yelwata ba ta taɓa zuwa Uromi ba, ba ta san kowa a Mangu ba. Da wane laifi aka kama ta?

Siyasa ma ta shigo ta yi mana zaune. In aka kai hari a wani ƙauye na Zamfara ko Katsina, kafin a ce Allah ya ji ƙansu sai ka ga an rubuta: ai su suka zaɓa, su sha. Kamar jaririn da aka harbe a bayan uwarsa ya taɓa dangwala ƙuri'a. Wasu kuma masu kare gwamnati, ko wacce ce ke kai, aikinsu shi ne su ce ba a yi ba, ƙarin gishiri ne, 'yan adawa ne. An faɗi haka a kan 'yan matan Chibok 276 da aka kwashe a Afrilun 2014, iyayensu na kuka wasu na cewa shiri ne. Ranar da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu a Landan, 13 ga Yuli 2025, an ga masu murna a fili. Wanda yake da ƙorafi a kan mulkinsa yana da damar ya faɗa, ya rubuta, ya kawo hujja, domin mulki amana ce kuma tarihi ba ya rufe baki. Amma bin diddigin aikin shugaba daban, rawa a kan mutuwarsa daban.

Yanzu bari in zo kan wanda ya fi yawa a 'yan shekarun nan, wato mai cewa ba ruwansa. Ba ya zagi, ba ya murna. Sai dai ya shigo ƙarƙashin labarin mutum talatin da ruwa ya ci ya rubuta: ko a jikina. Ko: ni dai in sami na tuwo. Ko ya tambayi sakamakon wasan ƙwallon jiya. Ko ya liƙa tallar atamfa da lambar waya.

Ina so mu yi wa wannan adalci, domin akwai gajiya ta gaske a ƙasar nan. Wanda ya girma yana jin bam a masallacin Juma'a na Kano a 2014, ya ji yankan manoman shinkafa a Zabarmari a 2020, ya ji satar ɗalibai a Ƙanƙara da Jangeɓe da Kuriga, ya ji Tudun Biri, ya ji masallatan Unguwar Mantau da aka buɗe wa wuta a sallar Asuba, zuciyarsa na iya dakewa. Ɗan Adam ba zai iya yin kukan kowace mutuwa da ƙarfi ɗaya ba. Wani in ya ga labarin sai ya kashe wayar, domin in ya ci gaba da kallo ba zai iya barci ba. Wani ya yi addu'a a ransa ya wuce. Ba ni da ta cewa a kan waɗannan, kuma bai dace a riƙa bin mutane ana tuhumarsu don me ba su yi rubutu a kan kaza ba. Wannan gasar ta makoki, kun yi kukan Gaza ba ku yi na Zamfara ba, kun yi na Zamfara ba ku yi na Sudan ba, ita ma tana busar da zukata, domin ta mayar da jimami abin kafa hujja.

Amma wanda ya tsaya, ya buɗe wurin rubutu, ya tattara haruffa don ya sanar da duniya cewa bai damu ba, wannan ba gajiya ce ke damunsa ba. Mai gajiya shiru yake yi. Shi wannan so yake a gan shi, a tanka masa, a ce ga gwani mai taurin zuciya. Kuma ya san sarai cewa a cikin masu karantawa akwai 'yan uwan mamatan. Suna nan. Ɗan da ke karatu a Zariya, ƙanwar da ke aure a Agadas, yayan da ke ci-rani a Legas ko Kumasi, duk a shafinku suke bin labarin garinsu, suna karanta maganganun mutane ɗaya bayan ɗaya da jajayen idanu.

Ku dubi yadda muke yi a zahiri. In aka yi rasuwa a unguwa, ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mai wucewa a babur yakan rage gudu, wani ya sauka ya tura. Mai rediyo ya rage murya. Wanda suka shekara ba sa ga maciji da mamacin, shi ma zai zo ya durƙusa ya ce ya haƙuri, a ce masa da godiya, a shafa Fatiha ya tashi. Maƙwabta su aiko da abinci, saboda an san masu gida ba su da sukunin ɗora tukunya. Wanda ba zai iya zama ba ya ɗaga hannu ya ce Allah ya ji ƙan rai, ya wuce. A duk tsawon kwanakin nan, ko mahaukacin unguwa ba ya tsayawa a kan tabarmar ya ce ba ruwansa. In kuwa wani yaro ya kuskura ya ƙyalƙyale da dariya, ba sai mai gida ya yi magana ba, dattawan wurin za su tashe shi. To duk ranar da kuka sa labarin mutuwa a shafinku, tabarmar nan kuka shimfiɗa, kuma ku ne dattawan wurin. Babu wasu.

Addinin da mafi yawanmu ke bi bai bar mu a duhu ba. Ya tabbata cewa an wuce da gawa ta gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya miƙe tsaye. Aka ce masa ai gawar Bayahude ce, ya ce: ashe ba rai ba ne? Ya hana zagin matattu, ya ce sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Yana kuma neman tsarin Allah daga dariyar maƙiya, wanda ke nuna mana cewa a yi wa mutum dariya a kan musibarsa wata musiba ce ta biyu. 'Yan uwanmu Kirista su ma an umarce su da su yi kuka tare da masu kuka. Abin takaici, sau da yawa in ka buɗe shafin mai dariyar, za ka tarar da aya ko hadisi ya liƙa a sama.

Na ce kuna da hannu, kuma ya kamata in faɗi ta ina.

Kun fi ni sanin yadda waɗannan dandali ke aiki. Ba ruwan injin da ke zaɓar abin da zai nuna wa mutane da ko magana mai daɗi ce ko mai ɗaci. Abin da yake ƙirgawa shi ne mutum nawa suka tsaya, nawa suka tanka, nawa suka tura gaba. Takardun cikin gida na Facebook da wata tsohuwar ma'aikaciyarsa, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin nan na fushi da dariya da baƙin ciki maki biyar, alhali alamar yatsa ta so maki ɗaya ce, kafin daga baya ya sauya lissafin. Ma'ana, abin da ya fi tayar da hankali shi ya fi yawo. Mutum ɗaya ya rubuta Allah ya ƙara, mutum ɗari biyu su taso masa da zagi, shi ya rama, injin ya ga kasuwa ta ci, ya ƙara tura labarin ga wasu dubbai. Tun da X ya fara biyan masu shafuka a 2023, Facebook kuma ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗi a 2024, wannan hayaniyar ta zama dala. Shi ya sa da yawanku ba kwa goge maganar banza a ƙarƙashin labarin mutuwa, kuna gani kuke kawar da kai. Wasu ma da gangan suke rufe labarin da tambaya, wai me za ku ce, don a zo a yi ta cacar baka. Neman halak ba laifi ba ne, na san data da waya da lokaci duk kuɗi ne. Amma ku tambayi kanku, kuɗin da ya shigo saboda an kwana ana zagin mamatan Majiya, wane irin kuɗi ne?

Sai hotunan gawa. Mu da muke gaggawar rufe mamaci da mayafi tun kafin a kawo likkafani, mu da ba ma barin kowa ya shiga wurin wanka sai amintacce wanda zai rufa asiri, yau mu ne ke yaɗa bidiyon ƙonannun mutane, da matan da aka tsamo daga ruwa tufafinsu a yage, a ɗora waƙar tausayi a kai, a manna sunan shafi a tsakiya don kada wani ya sata. Ranar da motar tawagar 'yan wasan Kano ta faɗa ƙarƙashin gada a ƙarshen Mayun 2025, suna dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun, mutum 22 suka rasu, hotuna sun riga masu kai saƙo isa gidaje. A al'adarmu ana zaɓar wanda zai je ya faɗi mutuwa. A sami dattijo mai nutsuwa, ya zaunar da uwa, ya fara da nasiha, ya ce jikin ya yi tsanani, kafin ya sauke mata. Yanzu uwa na zaune tana duba waya sai ta ci karo da fuskar ɗanta. Kuma ido in ya saba da ganin gawa safe da yamma, tsakanin bidiyon barkwanci da tallar turare, dole kwarjinin mutuwa ya fita daga zuciya. Yaran da ke rubuta ko a jikina, a kan wannan abincin suka tashi.

Na san amsar da wasunku za su ba ni, kuma amsa ce mai nauyi: in ba mu nuna ba, hukuma za ta ce ba a yi ba. Gaskiya ne an sha yin haka. A Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi, da jirgin soja marar matuƙi ya jefa wa masu Mauludi bam a daren 3 ga Disamba 2023, aka rasa aƙalla mutum 85, ƙarar da jama'a suka ɗaga a intanet ta taimaka wajen hana a binne maganar, har babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin da kansa ya ba da haƙuri. Ban ce ku yi shiru ba, Allah ya kiyaye. Amma shaida ba sai da tsiraici ba. Sahun makara a lulluɓe shaida ne. Jerin kaburbura shaida ne. Muryar mai unguwa yana lissafa gidajen da aka yi rashi shaida ce, ta ma fi ratsa jiki. Ɗanyen bidiyon kuwa a adana shi, a miƙa wa 'yan jarida masu bincike da lauyoyi da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, inda zai yi aiki, maimakon a watsa shi a zauren da yara ke ciki.

Kuma ku tabbatar kafin ku sa. A Yunin 2018, lokacin rikicin yankin Gashish a Barikin Ladi, an yaɗa wasu munanan hotuna a Facebook aka ce na kisan da ake yi ne a ranar. Binciken da BBC ta yi daga baya ya gano cewa wasu ba na wurin ba ne, har akwai bidiyon da aka ɗauka a Kongo tun 2012. Washegari matasa suka tare hanya suna fito da matafiya daga mota, aka kashe mutum 11. A cikin wannan rikicin ne Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Dattijo a ƙauye ya sa ransa a gaba don ya tsare mutane, wasu kuma daga nesa suna aika wutar da yatsa ɗaya. Duba asalin hoto a Google ba ya cin minti biyu.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wadda masu yin ta ke ganin kishi suke yi. Wani marar kunya a can wani gari, mai mabiya arba'in, zai rubuta baƙar magana a kan mamatanmu. Da an bar shi, da ba wanda ya gani sai abokansa. Sai ɗayanku ya ɗauki hoton rubutun ya kawo wa mutum dubu ɗari biyar, ya ce ku zo ku ga abin da suke faɗa a kanmu. Su wa? Mutum ɗaya ne ya faɗa, kun mayar da shi bakin ƙabila guda. Can ma akwai masu irin aikinku, suna tsintar mafi munin abin da namu suka rubuta suna kai wa nasu. A haka kowane ɓangare ya yarda cewa ɗayan ba shi da zuciya, in musiba ta faɗa wa wancan sai a ce ai su ma sun yi mana dariya. Dubban da suka yi mana jaje daga can, ba mai ɗaukar hoton nasu rubutun.

Ba na cikin masu kiran gwamnati ta kawo doka a kan wannan. Mun ga yadda aka yi amfani da dokar laifukan intanet ta 2015 wajen kama 'yan jarida da masu suka, mun ga rufe Twitter na wata bakwai daga Yunin 2021, ba kuwa don kare mutuncin mamata aka yi ba. Kamfanonin ma ba zan jira su ba, domin injinsu ba ya jin habaici, ba ya gane gugar zana. Ku ne kuke ji. Kuma kayan aikin na hannunku: kuna iya goge magana, kuna iya toshe mai ita, kuna iya taƙaita masu tankawa ko ku rufe wurin gaba ɗaya a kan labarin rasuwa, kuna iya jera kalmomin da ba kwa so su bayyana. Wanda shafinsa ya yi girman da ba zai iya bi shi kaɗai ba, ya ɗauki mataimaki, ai yanzu shafin na kawo abin da za a biya shi.

Mun ga abin da kuke iyawa in kun so. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shanye rabin Maiduguri, ya shiga asibitin koyarwa da Kasuwar Monday da unguwanni, shafukanku ne suka zama wurin cigiyar 'yan uwa, da sanar da inda mutane suka maƙale, da tara gudummawar abinci da tufafi. Wannan ƙarfin bai tafi ko'ina ba.

Don haka roƙona gare ku, don Allah, in labarin rasuwa ya zo muku, ku ɗan jinkirta sa suna da hoto har ku tabbatar gida sun sani. Ku daina rubuta wanda bai ce amin ba kaza, ku daina roƙon a bi shafi a ƙarƙashin gawa. In akwai gyaran da za a yi, a kan lodin jirgin ruwa fiye da kima, ko rashin rigar kariya, ko gini a hanyar ruwa, ko rububin mai, ku bari a rufe mutane tukuna, sa'annan ku ɗauko maganar da hujja, ku kai ta ƙofar waɗanda ke da alhakin hanya da tanka da gada. Ku kuma riƙa komawa. Bayan kwana arba'in, in hayaniya ta lafa, wani daga cikinku ya shiga mota ya je Majiya, ko Mokwa da ambaliya ta yi wa ɓarna, ko Tudun Biri, ya tambayi zawarawa da marayu ko gudummawar da aka yi shela ta iso hannunsu, ya duba masu ƙuna ko suna samun magani, ya dawo ya faɗa mana. Kowane ɗayanku kuma ya rubuta ƙa'idarsa ya kafe ta a saman shafi, cewa duk wanda ya yi ba'a ko murna a kan mamaci, ko na wane addini ne, ko ɗan wane yanki ne, ko ɗan wace jam'iyya ne, za a goge maganarsa a kuma fitar da shi, sa'annan ku aiwatar da ita ko da a kan masoyinku ne da ya fi kowa yaba muku.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri, ya ba masu jinya lafiya.

Wassalam.

Ɗan uwanku, mai bibiyar shafukanku,
daga Kano.